Sandikar malamai da lakwal ɗin ɗiyanmu: magana daga Tchibarakaten

 

Maganar yau ta lakwal ce, da malamai, da sandikokinsu. Wani zai ce mi ya haɗa ramin zinariya da allon aji? Yo ai kusan duk namijin da ke cikin wannan daji ya baro iyali a gida. Kuɗin da yake turawa ta Nita ko Al Izza, a cikinsu ake sayen kaye da bik da rigar lakwal. Ranar da malamai suka shiga yajin aiki a Arlit ko Tawa ko Maradi, a Tchibarakaten waya ke ƙara, uwargida tana cewa yara sun dawo tun ƙarfe tara, babu mushe. Sannan samarin da muke gani suna shiga rami da tocila a goshi, ku tambaye su, da yawansu sun zauna benci. Wani an kore shi daga sizyem, wani ya faɗi BEPC sau biyu ya haƙura. Ke nan duk abin da ya lalace a aji, nan yake ƙarewa a gabanmu, shi ya sa muke ganin muna da bakin magana.

Mu da muke wannan shiri, lakwal ɗin gwamnati ce ta yi mu. Faransancin da muke karanta labarai da shi kafin mu juya muku su da Hausa, ba mu saye shi a makarantar kuɗi ba. Malamai ne suka zuba mana shi, waɗanda aka turo daga Doso da Tilaberi da Damagaram, suka yi doguwar tafiya suka zo suka zauna cikin ƙura da zafin arewa. Kuma mu ɗin dai, ƴan shekaru talatin da wani abu, mu ne muka taso lokacin da yajin aiki ya zama kamar wata damina ta biyu. Mun san daɗin malami, mun kuma san ɗacin zuwa lakwal a tarar da ƙofa a rufe. Don haka in mun yabi sandika da sani muka yaba, in mun yi mata gyara ma da sani ne.

Mu fara da abin da ƙanana ba su sani ba. Ƴancin da muke da shi na buɗe baki a rediyo, ƙungiyoyin ƙwadago da na ɗalibai suna cikin waɗanda suka biya kuɗinsa. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 aka buɗe wuta kan ɗaliban USN a gadar Kennedy ta Yamai, uku suka rasu. A cikin wannan shekara uwar ƙungiyar ƙwadago ta USTN ta yi ta kiran yajin aikin gama-gari, har shugaba Ali Saibu ya amince da jam'iyyu da yawa a watan Nuwamba. Daga nan aka kai ga babban taron ƙasa da aka buɗe ranar 29 ga Yuli 1991 aka rufe ranar 3 ga Nuwamba. Malamai na SNEN, ɗaya daga cikin sandikoki mafi daɗewa a Nijar, suna cikin wannan gwagwarmaya, don a wancan zamani kusan duk garin da ka je, malami ne mai karanta takarda ya fassara wa jama'a.

Bayan haka sai wuya ta zo. A watan Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Ma'aikata suna yin wata da watanni babu albashi, an yi shekarun karatu da aka soke gaba ɗaya. Baitulmali babu kuɗi, yara kuwa suna ƙaruwa, masu ba da bashi na waje suna cewa a rage kashe kuɗi kan albashi. A 1998, shekarar da aka kafa dokar tsarin ilimi ta LOSEN, aka fara ɗaukar masu aikin sa kai su riƙe aji, daga baya aka mayar da su ƴan kwantaragi. Dabara ce da aka ce ta wucin gadi. Ga shi yau sama da shekara 25, kuma mafi yawan masu riƙe da alli a firamaren gwamnati ƴan kwantaragi ne. Gaskiya dai, ta haka aka buɗe lakwal a ƙauyuka da ruggage da ba su taɓa ganin aji ba. Amma an buɗe su ne a kan wuyan mutumin da ake biya ɗan abin da bai kai albashi ba.

Ku yi lissafin da kanku. Ɗan kwantaragi na firamare, pekil ɗinsa ya daɗe a wajajen jika 75 a wata. A Maradi ko Damagaram wannan ma da ƙyar yake kai mutum ƙarshen wata. To ina ga arewa, inda tumatir da hatsi da gawayi duk sai mota ta ɗauko su daga nesa? Daga Agadez zuwa Arlit kusan kilomita 240 ne, a kan hanyar uranium da duk direba ya san yadda ta koma. Nan Tchibarakaten kuwa ruwan sha ma sai sitarni ta kawo shi a saya. Kuma pekil ɗin ba kullum yake zuwa kan lokaci ba. In ya zo, malamin daji sai ya rufe aji ya nemi mota zuwa gari ya karɓa, ya biya mai kanti, ya sake neman motar komawa. Kwana nawa ke nan yara suka yi asara, ba tare da an kira yajin aiki ko ɗaya ba?

Tun da zinariya ta bayyana a Djado da nan Tchibarakaten a 2014, lissafin ya ƙara lalacewa. Mun zauna shan shayi da mutane a wannan wuri waɗanda in suka buɗe baki ka san sun taɓa tsayawa gaban allo. Wani yana riƙe wa mai rami littafin lissafi, wani yana sayar da kati da cajin waya. Ɗaya ya ce mana: "Ɗan uwa, ni ban ƙi koyarwa ba, shekara bakwai ina jiran matirikil, ɗiyana ba su cin alli." Ba mu da amsar da za mu ba shi. Kuma yaron da ke aji yana kallo. Yana ganin mushensa yana cin bashin shinkafa, yana ganin wansa da bai gama firamare ba ya dawo daga daji da babur sabo. In ka ce masa karatu shi ne gaba, sai ya dube ka kawai.

A nan ne aikin sandika na farko yake, kuma ba ma raina shi. Ɗan kwantaragi shi kaɗai a wata lakwal bayan Iferwan ba shi da muryar da za ta kai Yamai. In an riƙe masa kuɗi, ko an yi masa canjin wuri don ya saɓa da wani mai ƙarfi, wa zai kai wa kuka? Sandikoki irin su SYNACEB, da aka kafa don ƴan kwantaragin ilimin tushe, da haɗakar da aka yi a lokuta daban-daban kamar CPRASE da CAUSE-Niger, su ne suka riƙa matsawa kan ƙarin pekil, da biyan bashin watanni, da ɗaukar ƴan kwantaragi aikin gwamnati na dindindin. Abin da aka samu bai isa ba, amma da wuya a nuna wani ƙari da ya zo ba tare da an yi ta ja-in-ja ba. Wanda ke cewa malamai kuɗi kawai suka sani, ya gwada riƙe yara tamanin ƙarƙashin kwano a watan Mayu a Arlit, da yunwa a cikinsa, sannan ya dawo mu yi magana.

Amma fa gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Akwai abin da uwaye ke faɗa a bayan idon ƴan sandika, gara mu faɗe shi a gabansu.

Na ɗaya, yajin aiki a lakwal ba kamar yajin aiki a ma'adini ba ne. Mu ƴan garuruwan uranium mun san yajin aiki. In ma'aikatan SYNTRAMIN suka ajiye aiki, injin ya tsaya, kamfani ne ke asarar kuɗi, shi ya sa yake saurin zama teburi. In malami ya ajiye alli, wa ke asara? Ɗiyan manya suna makarantun kuɗi a Yamai ko a waje. Ɗan mai gadi da ɗiyar mai tuyar ƙosai a Bukoki su ne ke zaman gida. Kwana biyu wannan mako, kwana uku mako mai zuwa, kafin ka ankara wata ya tafi. Shekarar karatunmu dama gajera ce: ana shiga a Oktoba, a 2024 ma sai ranar 28 ga wata aka koma saboda ambaliya, sannan zafi na zuwa, jarrabawa na zuwa a Yuni da Yuli. Darasin da aka tsallake a CP, na haɗa baƙi da wasali, yaro zai ja shi a ƙafa har ya bar lakwal.

Na biyu, yawan sandikokin. Ɓangaren ilimi kaɗai yana da sandikoki gommai. Wasu da mambobi na gaske a kowace jiha, wasu kuwa magatakarda ne da hatimi da jakar hannu. Da zarar an yi zaɓen shugabanni wani ya faɗi, sai ka ji an haifi sabuwar ƙungiya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: gwamnati ta sa hannu da wannan ɓangare, wancan ya ce bai san zancen ba, yajin aiki ya ci gaba, uwaye ba su ma san wa ke magana da sunan wa ba.

Na uku shi ne mai zafi, maganar kare wanda bai kamata a kare ba. Kowa ya san akwai lakwal a cikin gari da malamai suka yi yawa har wasu ba su da aji, alhali a daji mutum ɗaya ke riƙe da aji uku. Kowa ya san akwai mai karɓar kuɗi yana harkarsa a wani wuri. In anspekta ya taɓa shi, sai a ce an taɓa ɗan sandika. Malamin kirki da ke zuwa kullum shi ne na farko da wannan ke cuta, don da shi ake haɗawa a zaga.

Abin da ya faru a 2017 ya isa darasi ga kowane ɓangare. Binciken PASEC na 2014, wanda ke auna ɗaliban ƙasashe masu amfani da Faransanci, ya nuna cewa a Nijar ko ɗaya cikin goma na yaran ƙarshen firamare bai kai matakin da ake so a karatu ba. Ministan ilimin firamare na lokacin, Dauda Mamadu Marte, ya ce sai an yi wa ƴan kwantaragi jarrabawa. CAUSE-Niger da SYNACEB suka ce ba su yarda ba, in za a auna malami a je a same shi cikin ajinsa, anspekta ya duba aikinsa, kamar yadda aka saba. Suka yi kiran a ƙaurace. Aka yi jarrabawar ranakun 15 da 16 ga Yuli 2017. Da sakamako ya fito, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka samu 10 bisa 20. Dubbai suka rasa kwantaraginsu, wasu don makinsu ya yi ƙasa ƙwarai, wasu don sun bi umurnin sandika ba su shiga ba. A wannan shekarar dai, a Kaduna ta Najeriya, gwamna Nasir El-Rufai ya yi wa malamai irin wannan gwaji, 21,780 suka faɗi, daga baya ƙungiyar malamai ta NUT ta shiga yajin aiki.

Mu a ganinmu kowa yana da rabin gaskiya. Sandika ta yi daidai da ta tambaya: wa ya ɗauki waɗannan mutane? Wa ya ba su takardar makarantar horon malamai? Wa ya tura su aji shekara da shekaru babu wanda ya leƙo ya ga yadda suke koyarwa? Gwamnatin da ta ɗauke su da araha ita ce ta juyo tana mamakin ingancinsu. Amma uwaye ma suna da tambaya: in malami bai iya lissafin da zai koya wa ɗan CM2 ba, sandika ba ta sani ba ne? Ai mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba. Da tun farko ƴan sandika ne suka fito suka ce ga mambobinmu masu rauni, ga tsarin da muke so a ƙara musu sani, da ba a kai ga wulaƙanci a gaban duniya ba. Binciken PASEC na 2019 ya nuna an ɗan ɗaga, kusan yara uku cikin goma sun kai matakin karatu. Har yanzu bakwai ke nan a baya.

Mu tuna kuma da azuzuwan zana. Ranar 13 ga Afrilu 2021 gobara ta cinye wata lakwal a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara kusan 20 suka rasu. Ranar 8 ga Nuwamba na shekarar, a Maradi, wasu sama da 20 suka sake tafiya haka. Hukumomi da kansu suka ce akwai azuzuwan zana kusan 36,000 a ƙasar. Allah Ya jiƙan waɗannan yara. Malamai sun yi kuka, sandikoki sun fitar da sanarwa. Abin da muke so mu gani shi ne maganar aji da benci da rijiya da makewayin ƴan mata ta hau saman takardar buƙatu, a riƙe ta da ƙarfin da ake riƙe maganar pekil. Ranar da uwaye suka ga malamai sun tsaya kai da fata don rufin ajin ɗiyansu, ranar ce za su fito su tsaya tare da su.

Yanzu mu dawo gida. Arlit gari ne da uranium ya haifa. SOMAIR ta fara fitar da ƙarfe a 1971, COMINAK a Akokan ta bi baya a 1978. Shekara da shekaru, wanda ke cikin site na ma'aikata yana da ruwa da wuta da asibiti, wanda ke bayan gari yana kallo. Ranar 31 ga Maris 2021 COMINAK ta rufe, bayan ta fitar da tan kusan 75,000, ma'aikata wajen 600 suka rasa aiki, ban da na ƴan kwangila. A watan Yuni 2025 gwamnati ta ce ta mayar da SOMAIR hannun ƙasa. Ko mi mutum ke tunani kan wannan, abu ɗaya ya fito fili: zamanin da kamfani ke zama uwa da uba ya wuce. Iyalin da jiya suke iya biyan makarantar kuɗi, yau lakwal ɗin gwamnati suke kai yara. In kuwa ana son ɗan Arlit ya zama injiniyan da zai riƙe ma'adinin garinsu, ya shiga EMAIR a Agadez ko EMIG a Yamai ko jami'ar Agadez da aka kafa a 2014, to hanyar tana farawa ne daga ajin CI da malamar da ke koya masa riƙe alli.

Ga kuma kuɗi da doka ta riga ta ba mu. Dokar ma'adinai ta 2006 ta ce kashi 15 cikin 100 na kuɗin da ƙasa ke samu daga ma'adinai a mayar wa kananan hukumomin jihar da aka haƙo su. Shekara da shekaru magadan gari da ƙungiyoyin farar hula na jihar Agadez suna kukan jinkirin wannan kuɗi. To wa ya fi malamai iya bin sawunsa? Su ne suka iya karanta kasafi, su ne ke cikin kowane ƙauye. Reshen sandika na Arlit ko na Iferwan zai iya zuwa zaman kasafin komin da takarda a hannu: ga lakwal kaza babu rufi, ga kaza babu ruwa, nawa ya shigo, nawa aka ware wa ilimi? Haka nan masu arzikin zinariya. Akwai masu hali a wannan daji da ke gina masallatai suna haƙa rijiyoyi, Allah Ya saka musu. In an zo musu da lissafi tsabtatacce, da kwamitin da suka yarda da shi, aji biyu ko ɗakin kwanan ƴan mata ba zai gagare su ba.

Saboda haka ga abin da muke roƙon ƴan uwanmu na sandika, mu uwaye da ƙanne da tsofaffin ɗalibanku.

Ku riƙa ƙirga. Kowane reshe ya san lakwal nawa ke yankinsa, malami nawa aka turo, nawa suka iso, nawa suka tsere, kwana nawa aka yi karatu a wata. Ku kawo mana mu karanta a rediyo da Hausa da Tamajak. Hukuma tana iya musun magana, amma da wuya ta musa sunan lakwal da adadin benci.

Kafin ku kira yajin aiki, ku zauna da kwamitin COGES da ƙungiyar uwayen yara da ta uwaye mata. Ku faɗa musu dalili da bakinku, kada su ji a bakin yara. In an sasanta, ku fito da jadawalin rama darasin da aka rasa, ko da safiyar Asabar ce, musamman ga ƴan CI da CP da masu jarrabawa. Malamin da ya rama darasi, gobe in ya ce an cuce shi, gari duka zai gaskata.

Ku ɗauki ƙarin sani a matsayin aikinku. Tarukan CAPED, inda malaman yanki ke haɗuwa su koya wa juna, sau da yawa suna mutuwa don babu kuɗin mota. Sandikar da ke iya tara mutane don taron gangami tana iya tara su don tsohon darakta ya nuna wa sabon ɗan kwantaragi yadda ake koyar da raba lamba. Yau kusan kowane malami yana da WhatsApp. Rukunin da ake tura sanarwar yajin aiki zai iya ɗaukar darasin da aka shirya da kyau.

Ku tsaya kan maganar arewa musamman. Wanda aka turo Abzin ko Kawar, a biya shi alawus na zaman sahara kan lokaci, a sa masa wa'adi, in ya cika a mayar da shi kusa da gida ba sai ya san wani ba. A ɗauki ɗiyan yankin da suka iya Tamajak da Tubanci a horar da su, don yaron makiyayi da ya zo lakwal bai jin Faransanci bai jin Hausa, malamin da ke jin harshen uwarsa shi ne zai riƙe shi. A kuma kula da kantin ɗin abinci na lakwal ɗin makiyaya, don in tukunya ta mutu, aji ma ya mutu.

Ga kuma maganar harshe. Kundin da aka ƙaddamar a watan Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Koyarwa da harsunanmu ba baƙon abu ba ne a Nijar, tun 1973 aka fara gwada ta a Damagaram. Amma in za a faɗaɗa ta, ina littattafan? Wa zai horar da malamin da ya iya Hausar kasuwa amma bai taɓa rubuta ƙ da ɗ ba? Yaya za a yi da yaran da Hausa ba harshen gidansu ba ne? Waɗannan tambayoyi malamai ne suka fi kowa sanin nauyinsu. Muna so mu ji muryar sandika a kansu tun ana shiri, kada a bari sai an yanke a Yamai sannan a fito ana ƙorafi.

Hukumomi kuma, namu roƙon gajere ne. Yarjejeniyar da aka sa wa hannu a cika ta. Yawancin yajin aikin da muka gani, a kan alkawarin da aka riga aka ɗauka ne ba a cika ba. A biya pekil ranar da aka ce. A buɗe hanyar matirikil a fili, kowa ya san layinsa. Kuma a riƙa jin ƴan sandika ko da maganarsu ba ta da daɗi, don malamin da aka hana faɗar abin da ke damunsa ba ya daina jin ciwon, aji kawai yake bari a hankali.

Mu ma uwaye da ke nan daji akwai namu. Turo kuɗi bai isa ba. In ka kira gida, bayan ka tambayi lafiyar awaki, ka ce a ba ka yaro ya karanta maka layi biyu a waya. Ka nemi lambar daraktan lakwal ɗinsu ka gaishe shi. In an kira taron uwaye, ka sa matarka ko ƙaninka su je. Masu ramuka kuma, don Allah, yaron da bai kai ba in ya zo neman aiki a tsakiyar shekarar karatu, ku tambaye shi ajinsa, ku sa shi mota ya koma. Ƙurar dutsen da ake niƙawa da sinadarin da ake wanke zinariya da shi ba abin ƙirjin ɗan shekara 14 ba ne. Djado ma da ta tara dubban mutane, a 2017 aka rufe ta. COMINAK da ta yi shekara sama da 40 ta rufe. Wanda ya iya karatu da lissafi, in wannan rami ya ƙare, yana da abin da zai ɗauka ya tafi da shi wani wuri.

Kowace shekara ranar 5 ga Oktoba duniya ke bikin ranar malamai, ana jawabai a Yamai da manyan garuruwa. Mu dai gaisuwarmu tana zuwa ga madam da mushe da ke Timia da Gugaram da Dannat da unguwannin Arlit da Akokan, waɗanda suka buɗe aji yau da safe ko an biya su ko ba a biya ba. Magatakardan rassan sandika na jihar Agadez, makirufonmu a buɗe yake gare ku, ku zo da takardunku da alƙalumanku, uwaye za su kira su yi muku tambaya, ku ma ku yi musu.

Allah Ya ba ɗiyanmu ilimi mai amfani, Ya kare na cikin rami, Ya kai matafiya gida lafiya. Sai mun sake haɗuwa.